Tun ran gini ran zane: amsa ga mai neman wanda zai tsara mata cikin gida

Wata baiwar Allah daga Kano ta aiko da tambaya. Ita da maigidanta suna gina gida mai ɗaki huɗu da falo biyu. An buga kwano, ba a kai ga filasta ba. Tana so su ɗauki mai tsara cikin gida, shi kuwa ya ce ɓarnar kuɗi ce, a bari a gama gini a kira kafinta da mai labule kamar yadda kowa ke yi. Tana son sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, yadda za ta gane na ƙwarai cikin masu talla a Instagram, yadda ake biyansu, da yadda ake aiki da su har a rabu lafiya.

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya sa a gama lafiya a tare lafiya. Tun da fari ki sani da wannan sana'ar nake ci, saboda haka ki riƙa auna maganata da wannan a ranki. Zan dai yi ƙoƙari in faɗi har wadda ba za ta yi wa 'yan sana'armu daɗi ba.

A duk bayaninki, abin da ya fi faranta mini rai shi ne ba a kai ga filasta ba. Yawancin masu kirana sai an yi fenti, an shimfiɗa tayil, saura wata guda tarewa suke tunawa da ni, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe, sai kwaskwarima. Ba banza aka ce tun ran gini ran zane ba. Ki dubi tsofaffin gidajen cikin birnin Kano da Zariya: da ɗanyen yaɓe magina suke fitar da dagi da sauran ado, ba sa jira bango ya bushe. Gidan siminti ma haka yake, sai dai nasa zanen ba a ganinsa, bututun waya ne da na ruwa da ke binne cikin bulo.

Alhaji kuma yana da tasa gaskiyar. In abin da ake nufi shi ne wanda zai zaɓa miki launin labule ya jera filo a kan kujera, to ke da ƙannenki kun isa. 'Yan jere sun daɗe suna wannan aiki tun kafin a san da mu. Inda ruɗani yake, mutum uku ake cakuɗawa. Akwai akitek, wanda ya zana ginin kansa aka kai takarda KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. Akwai mai dekoreshan, wanda ke zuwa bayan an gama komai da labule da kafet da fulawar roba. A tsakaninsu akwai mai tsara cikin gida, shi aikinsa awo ne da yanke shawara: ina gado zai zauna, ta ina ƙofa za ta buɗe, ina ruwa zai shigo ya fita, wace fitila a ina, da wane irin kaya za a yi ƙasa da kabad. Masu dekoreshan sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma da damansu sunan mai tsarawa suke amsawa. Ke yanzu mai awo kike buƙata.

Ɗauki ɗakin kwana ɗaya. Gado ƙafa shida-shida faɗinsa sentimita 183 ne, in an haɗa da 'yan durowa biyu na gefe ya doshi mita uku. Wadirof zurfinsa sentimita 60, kuma yana son kamar 90 a gabansa domin a buɗe ƙofa a tsaya. In ba a ajiye waɗannan a takarda ba, mai wayarin zai yi abin da ya saba: soket a tsakiyar bango, daidai inda kan gado zai rufe shi, makunni a bayan ƙofa, AC a inda iska za ta riƙa dukan kan mai barci. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya gaya masa ne. Haka fulamba zai fito da bututu inda ya fi masa sauƙi, mai POP ya rufe silin bai bar ramin labule ba, mai tayil ya fara daga inda ya ga dama, 'yan guntaye su faɗo a bakin ƙofar falo inda ido ke fara sauka. Kowannensu ya yi aikinsa daidai, gidan kuma bai yi daidai ba, don babu wanda ya riƙe shi gaba ɗaya a ka. Wannan riƙon shi ake biya.

Akwai wani gida da aka kira ni a Kaduna, saura mako shida tarewa. Kicin ya sha tayil har sama, gwanin kyau. Da na ja tef sai ga shi gurbin firji bai kai faɗin firjin da aka riga aka saya ba, soket biyu ne kacal a ɗakin duka, kuma ba a bar hanyar da bututun gas zai fita waje ba. Dole aka farfasa bango, aka nemi irin tayil ɗin a kasuwa aka rasa, aka canza na bango guda sukutum. Abin da aka kashe a wannan fashe-fashen ya fi abin da zan karɓa in zana gidan duka da an kira ni da wuri. Maigidan bai ce uffan ba, amma na ga irin kallon da yake yi wa tarin ɓaraguzan.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyi, kuma a wuyanki yake. Kafin ki nuna wa mai tsarawa hoto ko ɗaya daga waya, ki gaya masa yadda kuke rayuwa. Hotunan Pinterest na gidajen mutanen da ba sa tuƙa tuwo ne. Kicin da ke buɗe cikin falo yana da kyau a ido, amma ranar da aka soya manja aka jefa daddawa, ko aka yi baƙi maza kina tsaye a kan tukunya, za ki gane ba don ke aka ƙirƙiro shi ba. Mutum nawa ke kwana a gidan, nawa ke wuni? A tebur kuke ci ko a ƙasa? Na sha ganin teburi mai kujera takwas ya koma wurin ajiye kuloli da jakunkunan makaranta, iyali kuwa suna kan leda a tsakar falo. In haka kuke ba abin kunya ba ne. A rage kujeru, a bar fili, a sayi kafet na kirki. Falon da aka cushe da kushin ranar suna ake ganin gazawarsa, da kuma lokacin shan ruwa da azumi.

Falon Alhaji jikan zaure ne, ko an yarda ko ba a yarda ba. Yana son ƙofarsa daga waje da banɗakinsa, kuma wanda ke zaune ciki bai kamata ya hango cikin gida ba in an buɗe ƙofar tsakiya. Kakanninmu sun warware wannan da shigifa da ƙin saita ƙofofi. Ki sa a duba alƙibla tun yanzu. Daga Kano gabas take, da karkata zuwa arewa. A kowane ɗaki a bar inda za a shimfiɗa sallaya ba sai an ja kujera ba, ba kuma a kan hanyar wucewa ba. Mazaunin masai kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya; wannan kafin fulamba ya binne bututu ake gyara shi, bayan nan sai fasa ƙasa. Wurin alwala ma haka: famfo ƙasa-ƙasa da ɗan dakali da tayil mai kaushi ya fi a riƙa ɗaga ƙafa zuwa wurin wanke hannu, balle in Hajiya babba za ta riƙa zuwa ta kwana biyu. Sai sito da zai ɗauki buhunan shinkafa da masara da jarkokin mai, da kicin na waje inda turmi da murhun gawayi da manyan tukwane za su zauna, da inda za a tuɓe takalma. Wanda bai tambaye ki waɗannan ba, ko ya yi murmushi ya ce ai yanzu an waye, gidan wani zai tsara miki.

Ki auna kayan da ba za ki rabu da su ba, gado ne, keken ɗinki ne, ki ba shi awon. Abin ya fi muni a gidan amarya, inda ango ke gini, dangi kuma suna can suna sayen kayan ɗaki ba su taɓa ganin ɗakin ba, ranar jere a tarar gado ya ƙi shiga. Ku kuma zauna da Alhaji ku raba iko kafin a kira kowa. Babu abin da ke kashe aiki kamar ki amince da abu da safe, ya zo da yamma ya rushe, Yaya kuma ta bugo waya daga Abuja da nata ra'ayin.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, da damina ya hau sosai, a Afrilu zafi ya haura digiri 40. Katakon da aka kawo daga Kudu bai gama bushewa ba, in aka yi ƙofa da shi a Agusta, kafin Janairu ya ja jiki ya tsage. MDF kuwa, wato allon da ake matsawa da garin katako da gam, ruwa ne ajalinsa: a gidan da ake wanke ƙasa da bokiti, gindin kabad zai kumbura kamar burodi, sai an ɗora shi a kan ƙafafu ko ɗan dakali. Gara na nan tana jira, duk katakon da zai taɓa bango a sa masa magani. Kujerar karan-miski da fitila mai ɗaruruwan duwatsu da silin POP mai hawa uku duk matattarar ƙura ce. Ki tambayi kanki wa zai hau tsani ya goge su a Disamba. Silin mai hawa-hawa yana kuma cin tsayin ɗaki, alhali zafi sama yake taruwa, shi ya sa magina suke ɗaga soro da bakan gizo. Tagar da ke kallon yamma ita ke dafa ɗaki daga la'asar, kuma labule kaɗai ba ya maganinta, inuwa take so daga waje, rumfa ko bishiya. Fitilu a lissafa su da sola a rai. Ƙananan ƙwai arba'in a silin suna burge baƙo, amma batir ne zai biya. Layin da inbata zai ɗauka a ware shi tun a wayarin.

To ta yaya za ki samu mai tsarawa na ƙwarai? Akitek yana da hukumar da doka ta kafa mai yi masa rajista, ARCON, injiniya yana da COREN, amma mai tsara cikin gida, kowa ya buɗe shafi ya laƙaba wa kansa sunan ba mai tambayarsa lasisi. Akwai ƙungiyar 'yan sana'ar, IDAN, wadda Titi Ogufere ta kafa a 2007. Zama ɗan cikinta alama ce mai kyau, sai dai ba dole ba ne. Wasu sun karanta zanen gini a ABU Zariya ko BUK, wasu a bakin aiki suka koya, kuma na ga gwanaye a kowane ɓangare. Ki duba rajistar kamfaninsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Abu ɗaya da ba sassauci: duk ranar da ya ce a cire bango ko a faɗaɗa ƙofa, sai injiniya ya zo ya gani. Ba hurumin mai tsarawa ba ne ya ce wannan bangon ba ya ɗauke da komai.

Instagram kasuwa ce, kowa na saman kwando yake nunawa. Da yawan hotunan zanen kwamfuta ne, wasu ma aikin wani ne a Turkiyya ko Dubai aka ɗauko. Ko na gaskiyar, ranar da aka gama aiki aka ɗauke shi, kafin yaro ya taɓa bango. Gani ya kori ji: ki ce ya kai ki gidan da ya shekara biyu da gamawa, wanda ya ga hunturu ya ga damina. Ki buɗe ƙofofin kabad ki ji ko sun saki, ki leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Sannan ki keɓe da matar gidan ki yi mata tambaya biyu: an gama a kan kuɗin da aka ce? Da abu ya lalace bayan an sallame shi, ya ɗauki waya? A zaman farko kuma ki lura wa ya fi yawan magana. Na ƙwarai tambaya yake yi yana rubutawa, tef na hannunsa. Wanda ya shigo bai auna komai ba ya fara cewa nan za mu sa ruwan zinare, dillalin kaya ne. Mata sun yi yawa a sana'ar yanzu, kuma ga gida irin naku akwai sauƙi a nan: za ta shiga har ƙuryar ɗaki, ki gaya mata abin da ba za ki gaya wa namiji ba. Ki dai duba ko ma'aikata suna jin maganarta, wannan kuwa ziyara ɗaya ta isa a gane.

Sai maganar kuɗi, inda zumunci ke ɓaci. Adadin yana bin girman gida da sunan mai aikin, amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ta wace hanya kuɗin ke shiga aljihunsa. Wani yana yanke kuɗin zane dunƙule, ko a kan kowane ɗaki, sa ido a kan aiki kuma da nasa kuɗin daban. Wani kaso yake ɗauka daga duk abin da aka kashe. A ce cikin gidan zai ci naira miliyan 20, kun yi da shi a kan kashi 10, nasa miliyan 2 ke nan. In ya lallashe ki kika ƙara miliyan 3 a tayil, shi ma ya ƙaru da dubu 300. Ban ce kowa zai yi haka ba, amma ki san inda gangare yake, ku sa iyakar da kason ba zai wuce ba. Na ukun shi ne mai cewa, Hajiya ni ba na karɓar kuɗin zane, ki ba ni aikin kawai. Shi ya fi daɗin ji, shi ya fi tsada. Ba mai shafe mako uku yana zane a kyauta. Kuɗin na cikin labule da kujera da tayil, inda ba za ki gan shi ba.

Ga wadda 'yan'uwana ba sa so a faɗa. Shaguna da yawa suna ba mai tsarawa la'ada in ya kawo mai saye, kafintoci ma haka. Rangwame ba laifi ba ne, mai zuwa saye kullum dole a rage masa. Ɓoyewar ce matsala, domin daga ranar da ya fara karɓa a bayan idonki, ba ki da tabbacin shawarar da yake ba ki taki ce ko ta mai shago. Hukuncin wakilin da ke cin riba a ɓoye daga wanda ya wakilta shi, wannan na malamai ne. A sana'ance dai, ki tambaye shi ido da ido: kana karɓar la'ada? In ya ce e, ku daidaita, ko ya bar miki rangwamen ki biya shi ladan aikinsa cikakke, ko ku raba a fili. In ya hau rantse-rantse, ki ɗauki jerin kayan ki aika wani Ƙofar Ruwa da 'Yan Katako a Na'ibawa, yadin labule kuma Kantin Kwari, a jiyo farashi. Ni tsarin da na fi so: kuɗin kaina daban, kuɗin kaya daban, manyan kaya mai gida ya biya shago kai tsaye, rasit da sunansa.

Kafin alƙalami dole ne, ba wanda zai fara da aljihunsa. Amma kada ki ba da kuɗin aiki duka a gaba, kuma kada biya ya bi kwanan wata, ya bi abin da ido ya gani: an miƙa zane a biya, an gama silin a biya, an kafa kabad a biya. Ki riƙe kashi 5 zuwa 10 sai an gama gyare-gyaren ƙarshe. Ki tuna abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023: dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, duk ƙiyasin da aka yi kan kayan waje ya tashi a tutar babu. Tun daga nan nake rubuta kwanakin da farashi zai tsaya, kuma abin da aka tsayar na waje, tayil, fitilu, kayan banɗaki, a saye shi nan take a kulle a sito. Ki tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin mota suna cikin lissafin. Ki ware kashi 10 zuwa 15 a gefe saboda ba-zata. Sannan ki gaya masa gaskiyar abin da kuke da shi. Mutanenmu suna ɓoye wannan don tsoron kada a cinye, sai a zana musu gidan miliyan 40 alhali 15 ke hannu, a yi asarar wata guda, kowa ya ji kunya.

Duk wannan a rubuce. Wani zai ce ai ƙanwar ƙawata ce, rubutu rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, kuma da muminai take magana a tsakaninsu. Shafi biyu ya isa in ya faɗi ɗakunan da aikin ya shafa, sau nawa za a gyara zane kafin a fara cajin ƙari, sau nawa zai zo wurin aiki a mako, wa ke ɗaukar ma'aikata, wa zai ɗauki asara in awonsa ne ya yi kuskure, da yadda za a rabu in zama ya ƙi. Ki ƙara layi ɗaya da ake mantawa: ba zai sa hoton gidanki a intanet ba sai da izininki. Ɗakin kwananki ba allon talla ba ne, ga kuma halin tsaro da ake ciki.

Abin da zai miƙa kuwa, kada hoton kwamfuta mai sheƙi ya ruɗe ki. Wannan don ke da Alhaji ne ku ga kamanni, kafinta ba ya aiki da shi. Ki nemi zanen ƙasa mai awo da kowane kaya a mazauninsa, zanen lantarki mai nuna kowane soket da tsayinsa, zanen silin da fitilu, zanen fuskar bangon kicin da banɗaki da wadirof, da jerin kaya mai suna da adadi da farashi. Da waɗannan a hannu, ko kun ɓata gobe wani zai ɗora daga inda ya tsaya.

In aiki ya kankama, baki ɗaya ne zai riƙa yi wa ma'aikata magana. Kin je kin ga abin da bai yi miki ba, kada ki ce wa mai fenti ya canza, ki kira mai tsarawa. Ma'aikaci in ya ga iyayen gidansa biyu ne, wanda ya fi masa sauƙi zai bi. Canza ra'ayi hakkinki ne, gidanki ne, amma kowane canji a rubuta shi ko a WhatsApp ne, da kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, kafin a taɓa komai. Fenti kada ki zaɓe shi daga ɗan katin shago. A shafa faɗin mita guda a bangon, ki gan shi da hantsi, da la'asar, da dare a hasken ƙwai. Tayil a saya da rarar kashi 10, duka lokaci ɗaya, don ko kamfani ɗaya ne launi kan ɗan bambanta daga wannan zubi zuwa wancan. Ranar da aka gama wayarin da aikin famfo, kafin filasta ta rufe, ki zagaya da waya ki ɗauki hoton kowane bango. Wata rana mai kafa labule zai zo da na'urar huda bango, hoton nan ne zai ceci bututunki.

Kada ku rataya wa aikin ranar Sallah ko ranar biki a wuya. Filasta tana son makonni ta bushe kafin fenti, in aka yi gaggawa fenti ya kumbura ya ɓare, kuma a goman ƙarshe na azumi kowane kafinta da mai labule alkawura ne cike da kansa. Kafin ki biya ciko, ku zagaya tare da takarda: kowace ƙofa a buɗe a rufe, kowane famfo a kunna, a zuba bokitin ruwa a banɗaki a ga ko magudana ya nufa ko ɗaki.

In kuɗin ɗaukar mutum daga farko har ƙarshe bai samu ba, akwai tsaka-tsaki, kuma ina jin a nan za ku haɗu da Alhaji. Ku biya kuɗin zane kaɗai: tsarin ɗakuna, lantarki, famfo, silin, kicin. Ku miƙa wa ma'aikatanku, ku biya mai tsarawa ya leƙo sau uku ko huɗu, lokacin wayarin, kafin filasta, kafin tayil. Labule da kujeru da kafet su jira, ana iya yin su ɗaki-ɗaki cikin shekara biyu ba abin da zai lalace. Kada ki je wa Alhaji da hotuna, ki je masa da lissafi: ya tambayi birkilansa nawa ne fasa bango a sake bututu a mayar da filasta da fenti, a ɗaki ɗaya kawai.

A wannan makon dai, ki roƙe shi alfarma ɗaya: mai wayarin da fulamba su dakata kwana goma. Ku je gidan da yamma ku biyu, da tef da gawayi. Ki zana gado a ƙasa da girmansa na gaskiya, ki zana wadirof da kujeru da firji, ki tsaya inda za ki yi salla, ki bi hanyar da za ki ɗauko tire daga kicin zuwa falonsa. Duk inda kuka ci karo da zanen gawayin, ko kuka tsaya gardama, ki rubuta shi. Da wannan takardar za ki fara zama da wanda kuka ɗauka.